Tsohon da Ke Amsa "Ga Mu Nan Zuwa"

Malam, maƙwabcinsa na gona, shi ya fara ganinsa. Da hantsi ne ranar Alhamis, saura kwana goma Ista. Ya same shi zaune a gindin mangwaron da ke bakin kanal, ya jingina, fartanya a kan cinyarsa, ruwa kuwa ya cika fangalin albasa ya tsallake kunya yana malala cikin hanya. Malam ya ce ruwan ne ya ba shi labari.

"Tsohon nan bai taɓa barin ruwa ya tsallake kunya ba," in ji shi. "Ina hango hanya ta jiƙe na san ba barci yake yi ba."

Sai da ya toshe ruwan, ya kwance rawaninsa ya lulluɓe tsohon, sannan ya nufo cocinmu. Ƙararrawarmu tsohon faifan garmar tarakta ne, rataye a reshen darbejiya. Malam bai san ana bugun mutuwa ɗaiɗai da tazara ba, sai ya yi ta dukanta kamar gobara ta tashi. Mutane suka fito daga gonaki a guje, wasu har da bokitai.

Haka muka ji rasuwar Kaka.

Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinsa. Sau uku Uwar Zumunta tana ɗaga waƙa, sau uku waƙar tana karyewa a baiti na biyu, domin a nan ne muryarsa takan shigo, a makare, ta danne ta kowa. Masu zaɓen tumatir na bakin titi suka bar kwandunansu a rana suka zo. Malam ya sallami ɗalibansa, ya shimfiɗa buzunsa daga waje, ya zauna har la'asar yana karɓar gaisuwa kamar wansa ne ya rasu.

Magatakardan coci, wanda muke ce wa Kawu, ya iso a keke daga ofis da rigar aiki a jikinsa. Bai gaisa da kowa ba. Ya shiga ɗakin ya daɗe, ya fito riƙe da malfar Kaka yana jujjuya ta. Abin da ya ce kawai shi ne, "To yanzu da wa zan yi faɗa?"

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ɗaura zane ta dama kunu tukunya biyu don masu zaman makoki. Sai da yamma, muna wanke ƙoƙuna a bayan ɗaki, ta ce da ni ba tare da ta ɗago kai ba:

"To, mai ƙin tashi saboda mu ya kwanta. Godiya saura mako uku da 'yan kwanaki. Bana sai mu ga ko za a kira mu."

Wanda bai san cocinmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Saboda ita nake wannan rubutu, kuma saboda Kaka bai bar ɗa ko 'ya a ƙasar nan ba, bai bar hoto ba sai na jikin tsohon katinsa na lebura, wanda ruwa ya cinye rabin fuskar.

Ba kakana ba ne na jini. Basaye ne daga duwatsun kudancin Bauchi, ya zo cikin leburorin da suka haƙa kanal ɗin da ya kawo ruwa ƙasar Kura da Bunkure. Da aiki ya ƙare 'yan'uwansa suka koma gida. Shi matarsa ta rasu tun can, don haka ya zauna, aka ba shi aron ɗan fili yana noman albasa. Yakan tsaya a bakin kanal ya girgiza kai ya ce, "Ni na haƙa wa ruwan nan hanya, amma ko sau ɗaya bai tsaya ya gaishe ni ba."

Cocinmu ƙaramin cocin Angilikan ne, ginin laka, rufin kwano, benci takwas. Ba mu da limami na kanmu. Rabaran yakan zo daga Kano a babur sau ɗaya a wata biyu ya ba mu Jibin Ubangiji, sauran ranakun Kawu ke jan sujada daga littafin addu'a. Jama'ar duk ruwa ne ya kawo su: Jaba, Kaje, Tibi, Angasawa, wasu noma, wasu direbobin tarakta, wasu ƙananan ma'aikata. Da Hausa ake addu'a, da Hausa ake wa'azi, domin ita kaɗai ce harshen da kowa yake ji.

Mu kuwa ba ruwa ne ya kawo mu ba, shi ya same mu. Dangin Inna da na Baba Maguzawa ne daga wani ƙauye bayan Bunkure, suna noman dawa a ƙasar nan tun ba wanda ya yi mafarkin kanal. Baba ne ya fara karɓar bangaskiya, Inna ta bi shi. Ya rasu ina da shekara goma, sai Inna ta ɗauko ni muka dawo kusa da Kura, tana aikin dashe da tsinkar tumatir, tana yin daddawa tana sayarwa.

Ranar da muka fara zuwa cocin, a waje muka tsaya, Inna ta kasa shiga. Wani tsoho yana share ƙofa da tsintsiyar kaba. Ya miƙe ya dube mu.

"Kallo kuka zo ko sujada?"



"In kallo ne ku shigo," in ji shi. "Daga ciki an fi gani."

Ya zaunar da mu kusa da shi a bencin ƙarshe, inda yake zama don ya kori awaki in sun leƙo. Ba mu sake canza wuri ba.

Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika. "Amaryata ba ta magana, sai littafi," yakan gaya wa mutane a gabana, ina sunkuyar da kai. "Ranar da na mutu ba za ta yi mini kuka ba. Sai dai ta rubuta." Shi bai iya karatu ba, amma littafin addu'a duk yana kansa, kuma in Kawu ya tsallake layi sai ya yi tari. Da ya ga muryata ba ta fita, sai ya kai ni inda ruwa ke faɗowa daga ƙofar kanal da ƙara, ya tsayar da ni a tsallake da littafi, shi yana wannan gefen yana ihu, "Ban ji ba! Wa kike wa raɗa, kwaɗi?" Wata guda muna haka kowace Asabar. Ya ce in ruwa ya ji ni, bencin baya ma zai ji ni. Ina da shekara goma sha uku na fara karanta karatun farko a sujada, kuma da na gama, amin ɗinsa kaɗai ta isa coci.

Ruwan noman rani da layi ake ba da shi, kowane yanki da ranarsa. Wani lokaci layi ya faɗo ranar Lahadi da safe, wani lokaci ranar Juma'a da azahar. Shi da Malam suka shirya tsakaninsu, ba takarda ba shaida: in ya faɗo Lahadi, Malam zai shayar da gonakin biyu, in Juma'a ce, Kaka zai shayar.

"Kai ka je ka roƙa mana ran Juma'a, ni in roƙa mana ran Lahadi," in ji Kaka. "Ko ta ina dai gona ba ta kwana da ƙishi."

Malam yakan ce albasar da aka shayar ran Lahadi ta fi girma, saboda hannun mai alwala ne ya taɓa ta. Kaka ya ce ba shakka, shi ya sa ta fi sa mutum kuka.

Yanzu zancen godiya. Wasu majami'u bayan damina suke bikin godiya, mu kuwa sai bayan girbin rani, Lahadi ta biyu bayan Ista, lokacin da alkama ta shiga buhu, albasa ta bushe. A ranar Kawu yakan tsaya a gaba da takarda yana kiran ƙabilu ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda aka kira, mutanenta su tashi da ganga da waƙar yarensu, suna rawa, suna ɗauke da amfanin gona har gaban bagade. Ranar ce kowa yake tuna gida. Za ka ga direban tarakta mai ƙaton gemu yana hawaye don ya ji waƙar dutsen garinsu.

Basaye ɗaya ne a cocin, amma Kawu mutum ne mai bin ƙa'ida, sai ya kira, "Sayawa!" Daga bencin baya sai ka ji:

"Ga mu nan zuwa!"

Yara shekara guda suke jiran wannan. Kaka zai ɗora kwandon albasa a ka, ya taho shi kaɗai, a hankali, yana jan ƙafa yana waiwaye, yana rera wata waƙa da yarensu da muryarsa mai kama da ƙofar da ta yi tsatsa. Ba mai jin abin da yake faɗa. Mun ɗauka waƙar yabo ce ta cocin garinsu, muna cewa amin.

In an gama da ƙabilu, sai Kawu ya naɗe takarda ya ce, "Sauran jama'a." Sauran jama'a su ne baƙon da ya biyo hanya, da ɗan kasuwar da mota ta lalace masa, da ni da Inna.

Shekarar farko Inna ta tashi da ƙwaryar daddawarta. Ta biyu ta tashi, amma ba ta yi magana ba har muka isa gida. Ta uku ta zauna, ta ba ni ƙwaryar na kai. A ta huɗu, ana cikin azumin Ista, tana yayyanka ganyen da take naɗe daddawa ta ce:

"Ƙasar ubana, ƙasar kakana. Sun zo sun sha ruwanta, suna addu'a da harshen uwata, sannan ni ce saura? Saura ai abin da ya kwana a tukunya ne. Ba zan bar Allah ba, amma zan yi addu'ata a ɗaki. Daga Ista ba ni ba cocin nan. Ke ma haka."

Inna ba ta magana biyu. Ni kuwa a makaranta, 'yan ajinmu Musulmi suna ce mini Kirista, Kiristoci suna ce mini Bahaushiya, kowa yana ganin ta wancan gefen ce ni. Bencin bayan nan shi ne wuri ɗaya tak da ba a taɓa tambayata ni wace ce ba. Shi za a raba ni da shi.

Kwana uku ina zagaya gonar Kaka na kasa buɗe baki. A na huɗu na same shi yana ɗaure albasa dami-dami, na faɗa masa duka a numfashi ɗaya, idona a ƙasa. Sai ya ce, "Miƙo mini igiyar can." Da ya ɗaure dami biyu sannan ya ce:

"Gaya wa uwarki ta zo da daddawarta. Sau ɗaya. In aka sake ce mata saura, ni zan raka ku gida, ni ma ba zan dawo ba."

Don girmansa kawai Inna ta zo. Ta ajiye ƙwarya a ƙarƙashin benci ta rufe da zane.

Aka kira Jaba, suka je suka dawo. Aka kira Kaje, da Tibi, da Angasawa.

"Sayawa!"

Shiru. Yara duk suka juyo. Mai ganga ya buga sau biyu ya tsaya. Kaka yana zaune, kwando tsakanin ƙafafunsa, ya harɗe hannu.

"Sayawa! Baba, ba ka ji ba ne?"

"Sun ji," in ji Kaka. "Sayawa sun ji. Sun yi shawara sun ce ba za su tashi ba."

Aka yi dariya. Kawu ma ya yi murmushi. "To, lafiya?"

"A garinmu baƙo ba ya riga mai gida sa hannu a akushi. Shekara huɗu muna ci, mai gida tana zaune a baya tana kallo. Akawu, duba takardarka. Ina Hausawa?"

"Hausawa kuma, Baba? A coci?"

Maganar ta riga tunaninsa fita. Sai da ya faɗe ta sannan idonsa ya sauka a kan Inna, na ga fuskarsa ta canza. Kawu ba mugu ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. A bakin kowa a cocin nan, Bahaushe shi ne maƙwabcin da ke zuwa masallaci. Suna addu'a da Hausa, suna waƙa da Hausa, suna sayen daddawar Inna, amma bai taɓa zuwa ran kowa ba cewa akwai ƙabilar da ba ta cikin takarda.

Ya tako har bencinmu ya rage murya. "Baba, ka yi tunani. Tagogin nan a buɗe suke. In aka ji muna kiran Hausawa a cikin coci, gobe za a ce muna janye 'ya'yan mutane. Na ga abin da magana take jawowa a wani gari. Mu baƙi ne a nan."

"Yauwa!" in ji Kaka da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Da bakinka ka faɗa. Mu baƙi ne. To kira masu gida."

 Sai Kawu ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya rubuta wani abu a saman takardar, ya koma gaba.

"Masu gida."

Inna ba ta motsa ba. 

"'Yata, tashi mana," in ji Kaka. "Albasata ta fara tsiro."

Ta tashi, ta ɗora ƙwarya a ka. Sai muka tarar ba mu da waƙa, domin duk waƙar Hausa da ake yi a coci ta kowa ce. Mai ganga ya ɗaga hannu yana jira. Sai Inna ta ɗauko karin da matan ƙauyensu suke yi in ana shigo da dawa gida, ta ɗora masa kalmomin godiya nan take. Ban taɓa sanin tana da murya haka ba. Na bi bayanta fuskata kamar ta kama wuta, Uwar Zumunta ta rangaɗa guɗa. Da muka dawo muka zauna, Kawu ya ce "Sayawa," a karo na uku, kamar wanda ya haɗiye maɗaci.

"Ga mu nan zuwa!"

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Mako na zagayowa aka kira mu gaban dattawa a gindin darbejiya. Kawu ya ce ba shi da ja game da kiran, amma karin da Inna ta yi na bukukuwan gargajiya ne, inda ake shan giya, bai dace da gaban bagade ba.

"Gangar da Jaba suke shigowa da ita," in ji Kaka, "wane Rabaran ne ya yi mata baftisma? Nuna mini katinta."

"Baba, kar ka mai da magana wasa. Waƙarmu ta yabo ce. Taka ma ta yabo ce. Wannan daban."

Kaka ya dube shi, ya yi wani ɗan murmushi, bai ce komai ba. Na yi mamaki, don ba halinsa ba ne ya bar wa mutum kalmar ƙarshe.

Aka ce kiran masu gida ya tsaya a na bana, sai Rabaran ya zo. Rabaran ya zo ya ce a yi abin da zai kawo zaman lafiya, ya hau babur. Don haka kowace shekara Kawu yakan sake kwafe jerin ƙabilu da biro, sannan ya ƙara "masu gida" a sama da fensir. Kowace jajibirin godiya Kaka yakan aike ni in dubo.

"Yana nan?"

"Yana nan, Kaka. Da fensir."

"Fensir ma rubutu ne."

Amma ba ya ɗaga kwandonsa sai mun je mun dawo, kuma kowa ya san in ba a kira mu ba Sayawa za su sake yin shawara. Inna ta sani, ni ma na sani, cewa sunanmu a kan zaman wani tsoho yake tsaye.

Wata biyar shi da Kawu ba su yi musabaha ba. Sai da tsutsa ta cinye irin albasar Kawu ana dab da dashe, da safe ya buɗe ƙofa ya tarar da dami shida na iri a jingine. Ya je wajen Kaka yin godiya.

"Ba don kai ba ne," in ji Kaka. "Don matarka ce. Ita ba ta da fensir."

Daga nan suka koma faɗansu na kullum, kan tsawon wa'azi da kan wa ya bar awaki suka shiga. Abin da Kawu yake tsoro kuwa bai zo ba. Da labari ya kai kunnen Malam dariya ya yi. "Uwar yarinyar nan? Wa bai san gidansu ba? Kakanta ne ya auna wa kakana dawa a shekarar yunwa."

Shekara biyar muka yi a haka, har na shiga kwalejin horon malamai, har aka hana shigo da alkama daga waje kowa ya koma nomanta, ban da Kaka da ya ce shi da albasa mutu-ka-raba. Kwana biyu da dawowata hutu ya rasu.

Mun binne shi ranar Juma'a saboda zafi. Ɗan ƙanensa, wanda aka aika wa saƙo ta hannun wani direba, bai iso ba sai Asabar. Ranar Lahadi bayan sujada muna zaune da shi a ƙofar ɗakin, Uwar Zumunta ta ce tana so a yi wa baƙo waƙar Kaka, ya san ba a bar baffansa cikin maraici ba. Kowa ya san karin, ba wanda ya san kalmomin. Ni ce nake da su. Shekara biyu da suka wuce na sa ya faɗa mini a hankali na rubuta yadda kunnena ya ji a bayan littafina, amma da na tambayi ma'ana ya ce, "Allah ya ji, ya isa."

Na ɗauko littafin, ni da Inna muka rera. Ba mu kai rabi ba baƙon ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Mun ɗauka kuka ne. Kukan ne, amma da dariya a ciki.

"Wannan ce kuke ce wa waƙar coci?" in ji shi yana share ido. "Iya, wannan ai waƙar mata ce. In suna dawowa daga gona mai nisa da kaya a ka suke yin ta. Cewa take na gaba su rage sauri, akwai mai nauyin kaya a baya, ba a shiga gari a bar ta. Kakata, uwarsa, ita ke yin ta. Ba a taɓa shiga da ita coci ba a garinmu."

Duk muka juya wajen Kawu.  Sai ya fashe da dariya, ya riƙe ciki, hawaye na zuba a kan malfar da tun ranar Alhamis bai ajiye ba.

"Shekara da shekaru tsohon nan yana rawa da waƙar mata a gaban bagade, ni ina cewa amin! Har na tsaya na ce masa tasa ta yabo ce! Ya kayar da ni ya tafi."

Amma bai ce komai ba game da godiya, mu ma ba mu tambaya ba. Na so in je in duba takarda ran jajibiri, Inna ta hana ni. Ta ce wanda yake aike na ba ya nan, kuma ba ta roƙon suna. Ta dai yi daddawarta.

Da safiyar godiya muka tarar da Malam a gindin darbejiya da kwando a gabansa. Shi da iyalinsa suka tone albasar Kaka suka shanya.

"Ga na tsohon," in ji shi. "Ni ba na shiga, amma shi bai taɓa fashi ba."

Na ɗauka na ajiye a bencin baya, a wurinsa.

Kawu ya tsaya a gaba, ya buɗe takarda, ya gyara murya. Inna tana kallon hannunta.

"Masu gida!"

Da ƙarfi ya faɗe ta, har wanda ke waje zai ji ta taga. Muka je da waƙar Inna muka dawo. Jaba suka je, Kaje suka je, Tibi da Angasawa suka je. Sai ya tsaya yana kallon takardar. Mai ganga ya sauke hannu. Ina tsammanin zai naɗe ta.

"Sayawa."

Ba wanda ya yi motsi. Yara suka juyo bisa sabo, suka ga kwando a kan benci.

Inna ta miƙe. Ta naɗa gammo da ɗankwalinta, ta ɗora kwandon a ka.

"Ga mu nan zuwa!"

Ta ɗaga waƙar, na bi ta da littafina a buɗe. Kawu ya ajiye takardarsa a kan benci, ya tako har baya, ya shiga layi a bayana, yana rera kalmomin da bai iya ba. Uwar Zumunta ta biyo shi, sai Jaba, sai Tibi, sai kowa, har ba sauran mai kallo. Cocin ƙarami ne, Inna ta isa bagade na ƙarshe ba su bar bencinsu ba. Ba ta sauke kwandon ba. Ta tsaya da shi a ka, wuyanta yana rawa don nauyi, tana ta maimaita waƙar, har sai da wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ja ƙafa ta iso. Sannan ta sauke.

Bayan an tashi ina gyara benci na tsinci takardar. Daga sama har ƙasa da biro take. A kan "masu gida" ya danna har biron ya huda takarda, "Sayawa" kuwa tana nan a wurinta, ba a ja mata layi ba. Inna ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce, "To," ta ɗauki tsintsiyar kaba ta fara share ƙofa.

Kaka, ka ce ba zan yi maka kuka ba, sai dai in rubuta. Na yi duka biyun. Allah da ka yi wa rawa da abin da uwarka ta bar maka ya karɓe ka, ya sauke maka kaya, ya ba ka inuwa a bakin ruwan da zai tsaya ya gaishe ka. Ka riga mu isa, amma mun san halinka, ba ka shiga gari ka bar na baya.

Ga mu nan zuwa.